Gyaran fuskar polima domin ɗaure furotin

Gyaran fuskar polima domin ɗaure furotin wani fanni ne na kimiyyar sinadarai da ta kayan asibiti, wanda a cikinsa ake sauya saman roba ko wani abu mai kama da ita domin a liƙa masa furotin mai aiki, kamar antibodi ko enzayim, ba tare da furotin ɗin ya rasa aikinsa ba. Cikin robar ba ya canzawa. Abin da ake taɓawa shi ne fatarta ta waje kaɗai, wadda sau da yawa kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba.

Mutane da yawa suna cin moriyar wannan fanni ba tare da sun san sunansa ba. Ɗan abin gwajin nan na roba da ake ɗiga wa jinin yatsa a asibitocin Birnin Kebbi da Argungu domin a duba zazzaɓin cizon sauro, da na gwajin ciki, da tsinken auna sukari na masu ciwon suga, duk furotin ne aka ɗaure a kan polima. Liƙa furotin a kan roba ba shi da wuya, domin yakan manne ko ba a so ba. Wahalar ita ce a liƙa shi ya ci gaba da aiki, tun daga masana'anta har zuwa ranar da ma'aikacin lafiya zai yage ledar.

Polima da furotin

Polima sinadari ne mai siffar doguwar sarƙa, wadda aka gina ta hanyar maimaita ƙaramin guntu ɗaya sau dubbai. Masanin Jamus Hermann Staudinger ne ya kawo wannan fahimta a shekarar 1920, ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1953. Akwai polima ta halitta, kamar selulos da ke cikin auduga da karan dawa, akwai kuma ta masana'anta: polietilin da ake leda da shi, polifurofilin na sirinji, polistayirin na farantan gwaji, da silikon na robar fitsari.

Furotin ma sarƙa ce, amma ta amino asid iri 20, kuma ba a miƙe take ba. Tana naɗe kanta ta zama dunƙule mai siffa takamaimai, kuma a cikin wannan siffa aikinta yake. Idan naɗin ya warware, furotin ɗin yana nan amma ya mutu a aikace. Farin ƙwai misali ne da kowa ya sani: da an dafa shi ya daskare ya yi fari, kuma babu abin da zai mayar da shi yadda yake.

Yawancin robobin masana'anta masu ƙin ruwa ne. Idan aka ɗiga ruwa a kan leda sai ya dunƙule ya gangara, ba ya bazuwa kamar yadda yake yi a kan sabuwar tukunyar ƙasa. Shi kuma furotin, a cikin ruwa yake ɓoye sassansa masu ƙin ruwa a tsakiyar dunƙulen. Da ya taɓa fuskar roba sai waɗannan sassa su juyo waje su kama ta, ya baje kamar kitse a kasko. Ya liƙe ke nan, amma sau da yawa ya lalace. Ƙari a kan haka, irin su polietilin ba su da wani reshen sinadari a samansu da za a iya ƙulla wani abu a kai. Kabon ne da haidirojin kawai. Daga waɗannan matsaloli biyu fannin ya taso.

Tarihi

A shekarar 1916, J. M. Nelson da E. G. Griffin a Amurka sun lura cewa enzayim mai fasa sukarin rake yana ci gaba da aiki ko da ya manne a jikin gawayi. An daɗe ba a yi wani abin kirki da wannan lura ba. Shekarar 1967 ce ta buɗe ƙofa ta fuskoki uku. A Ostareliya, Kevin Catt da Geoffrey Tregear sun nuna cewa za a iya shafe cikin bututun roba da antibodi a yi gwaji a ciki kai tsaye. A Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, Rolf Axén da Jerker Porath da Sverker Ernback suka fitar da hanyar ƙulla furotin da ɗauri mai ƙarfi a jikin polima dangin sukari. A Holan kuma Anton van Wezel ya fara renon ƙwayoyin halitta a kan ƙananan ƙwallaye masu yawo cikin ruwa.

A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann na Jami'ar Stockholm suka wallafa gwajin da aka sani da ELISA, wanda har yau ake yin sa a kan farantin polistayirin mai ramuka 96. A 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano yadda za a samar da antibodi iri ɗaya tak da yawa, abin da ya sa aka iya ƙera kayan gwaji masu aiki iri ɗaya miliyoyi. Gwajin ciki na tsinke mai mataki ɗaya ya fito kasuwa a Ingila a 1988, na zazzaɓin cizon sauro kuma ya biyo baya a farkon shekarun 1990.

Hanyoyin ɗaurewa

Hanya mafi sauƙi kuma mafi arha ita ce mannewa: a zuba ruwan furotin a kan robar, a bar shi wani lokaci, a wanke ragowar. Da ita ake shafe farantan ELISA. Asararta babba ce. Binciken da John Butler da abokan aikinsa suka wallafa a 1992 daga Jami'ar Iowa ya nuna cewa a cikin antibodin da suka manne a kan polistayirin ta wannan hanya, waɗanda suka rage da ikon kama abin da aka sa su kamawa ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba. Gwajin yana aiki ne kawai domin wannan ɗan kason ya isa.

Idan ana son abin da ya fi haka ƙarfi, sai a fara da tayar da fuskar robar, wato a dasa mata rassan sinadari da za su iya riƙe wani abu. Rassan da aka fi nema su ne kaboksil, amin da haidiroksil. Ana yin haka da filasma, wato iskar gas kamar oksijin ko amoniya da aka saka wa wutar lantarki a cikin akwati mai ƙarancin iska har ta yi haske. Ƙwayoyinta masu kuzari suna bugun saman robar, suna tsinka sarƙoƙin waje, suna barin sababbin rassa. Wannan filasma ba ita ce ruwan jini ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Akwai ƙanwar wannan hanya a masana'antun leda: kafin a buga suna a kan ledar ruwan sha sai an wuce da ita ƙarƙashin tartsatsin lantarki, in ba haka ba tawadar goguwa za ta yi da yatsa. Ga polima dangin poliyesta kuma, ana iya jiƙa su a ruwan soda mai ƙarfi domin a ɗan ci samansu, rassan kaboksil su fito. Wata dabarar ita ce a shuka gajerun sarƙoƙin wata polima daban, kamar ta asid ɗin akirilik, a kan fuskar da taimakon haske mai ƙarfi, su tsaya kamar gashin buroshi.

Tayarwar filasma tana da wani hali mai ban haushi. Sarƙoƙin roba ba a daskare suke ba, suna motsi a hankali, kuma cikin kwanaki ko makonni sababbin rassan sukan juya su nutse ciki, fuskar ta koma ƙin ruwa. Zafi yana hanzarta wannan. Shi ya sa ake ɗaure furotin ɗin nan da nan bayan tayarwa.

Ɗaurin kansa ana yin sa da sinadarai masu haɗa aure. Wanda aka fi amfani da shi, EDC tare da abokinsa NHS, yana tayar da reshen kaboksil na robar ya haɗa shi da reshen amin da ke jikin amino asid mai suna laisin, su ƙulla irin ɗaurin da ke riƙe sarƙar furotin kanta. Wani kuma, gulutaraldihaid, yana da hannu biyu, ɗaya ya kama amin na robar ɗaya ya kama na furotin. Yana da arha da ƙarfi, amma ba ya zaɓe: yakan ɗinke furotin da furotin, kuma ragowarsa guba ce ga ƙwayoyin halitta.

Akwai wata hanya da ta fito daga lura da wata halittar teku mai ɓawo biyu, dangin makankari, wadda take liƙewa a jikin dutse ko jirgin ruwa duk da jiƙa. A 2007 Haeshin Lee da Phillip Messersmith da abokan aikinsu a Amurka suka nuna cewa idan aka tsoma kusan kowane irin abu a cikin ruwan dofamin mai ɗan kanwa-kanwa, wani siririn shafi yana kwanciya a kansa, kuma furotin yana kama wannan shafi. Daga baya aka ga cewa tanin na tsirrai ma yana yin makamancin haka. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Majema sun daɗe suna jima da bagaruwa, kuma abin da ke faruwa a cikin tukunyar jima shi ne tanin na bagaruwa yana kama furotin ɗin fata, wato kolajin, yana ɗaure shi ya hana shi ruɓewa. Bambancin shi ne majemi so yake ya ɗaure furotin ya daina motsi, mai ƙera kayan gwaji kuma so yake ya ɗaure shi ya ci gaba da aiki.

Fuskantarwa da toshe gurbi

Antibodi yana da siffar reshe mai kai biyu, girmansa wajen nanomita 10 zuwa 15. Kawunan biyu su ne ke kama abin da ake nema, gindin kuma ba ya kama komai a gwaji. Tun da laisin a warwatse yake a duk jikinsa, ɗaurin EDC yana iya kama shi ta ko'ina: wani a tsaye, wani a kwance, wani da kai a ƙasa. Masunci ya san cewa ƙugiyar da bakinta ya nutse cikin laka ba ta kama kifi, komai ƙarfin igiyar da ke riƙe da ita.

An samo dabarun tsayar da shi. Ɗaya ita ce a fara shimfiɗa wani furotin da ake kira furotin A, wanda aka samo daga ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, domin shi gindin antibodi kaɗai yake kamawa, sai kawunan su kalli sama. Wata ita ce amfani da bayotin, ɗaya daga cikin bitamin B, da furotin abidin na farin ƙwai ko takwaransa sitireftabidin. Riƙon da suke yi wa juna yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a halitta ba tare da ɗaurin sinadari ba. Ana kuma sa wata siririyar igiya ta polietilin gilaikol tsakanin robar da furotin, ta nisanta shi daga fuskar da za ta baje shi, ta ba shi damar juyawa.

Bayan an ɗaure furotin ɗin da ake so, sauran filin robar yana nan a buɗe, kuma jini cike yake da furotin da za su mamaye shi. Saboda haka ake toshe gurbin da wani furotin marar ruwa da tsaki a gwajin, galibi kesin na madara ko albumin na jinin shanu. Matakin ƙarami ne a ido, amma idan aka yi sakaci da shi gwaji yakan nuna cuta inda babu.

Gwajin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi

A Najeriya babu inda wannan fasaha take ɗauke da nauyi kamar Jihar Kebbi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu ƙwayar maleriya a jinin kashi 52 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 a jihar, adadi mafi yawa a ƙasar. Binciken maleriya na 2021 ya samu kashi 49, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Fadamar Rima da gonakin shinkafa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi suna riƙe ruwa tsawon lokaci, kuma sauro yana samun wurin hayayyafa. Wannan ne ya sa Kebbi ta zama ɗaya daga cikin jihohi biyu, tare da Bayelsa, da aka fara ba da rigakafin maleriya na R21 a watan Disamban 2024.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da maleriya da gwaji kafin a ba da magani, kuma Najeriya ta shigar da hakan cikin ƙa'idojinta. Manyan asibitoci irin su Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi suna da ɗakin gwaje-gwaje da madubin likita. Ƙananan asibitocin ƙauye kuwa, inda babu wuta babu mai duba jini, ga gwajin gaggawa suka dogara.

Idan aka fasa kwanson robar gwajin, za a ga siririn tsinke mai sassa da aka jera suna taɓa juna. Tsakiyarsa tantani ne na naitiroselulos, polimar da ake samu idan aka sarrafa selulos da asid ɗin naitirik. Christian Schönbein ya fitar da ita a Basel a 1846, kuma a lokacin a matsayin abin fashewa aka san ta. Tantanin yana da ramuka ƙanana kamar soso, yana kuma kama furotin da ƙarfi da zarar ya bushe a kansa. A masana'anta, inji yana zana layuka biyu na ruwan antibodi a kan tantanin, a busar da su. Ido ba ya ganin su. Tun da naitiroselulos ma ba ya son ruwa sosai, ana gyara shi da sinadari dangin sabulu domin ruwa ya ratsa, sannan a toshe sauran gurbin.

Kafin tantanin akwai wani ɗan auduga mai ɗauke da antibodi na biyu, wanda aka manna a jikin ƙananan ƙwayoyin zinariya masu girman wajen nanomita 40. A wannan girma zinariya ja ce, ba rawaya ba. An busar da su tare da sukari, irin su tirehalos, wanda yake lulluɓe furotin kamar gilashi ya riƙe masa siffarsa a bushe.

Ma'aikacin lafiya yana ɗiga jini wajen maikurolita 5, ya bi da ɗigon ruwan gwajin. Ruwan yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke ciki ya fito. Idan akwai Plasmodium falciparum, wadda ita ce ta fi yawa a Najeriya, za a samu wani furotin nata mai suna HRP2. Antibodi mai zinariya ya kama shi, ruwan ya ja su tare cikin tantanin kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Da suka iso layin farko, antibodin da aka ɗaure a wurin ya kama HRP2 ta wani gefen, zinariyar ta taru, jan layi ya fito. Layi na biyu yana kama antibodi mai zinariya ne kai tsaye, ko akwai cuta ko babu, domin ya nuna cewa ruwan ya gudana. Duk wannan cikin minti 15 zuwa 20.

Saurin gudun ruwan ma abin ƙira ne. Masu ƙera tantani suna auna shi da daƙiƙoƙin da ruwa ke ɗauka ya yi tafiyar santimita 4. Mai manyan ramuka yana ba da sakamako da wuri, amma antibodi ba ya samun lokacin kama abin da ke wucewa. Mai ƙananan ramuka ya fi gani amma yana jinkiri.

Gwajin yana da iyakoki da suka samo asali daga furotin ɗin da yake nema. HRP2 yana daɗewa a jini makonni bayan magani ya kashe cutar, saboda haka yaron da ya warke daga maleriya makonni biyu da suka wuce, ya dawo da zazzaɓin wata cuta daban, gwajinsa na iya nuna layi biyu. A wuri irin Kebbi, inda yaro kan kamu sau da dama a damina ɗaya, wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne, kuma jan layi bai kamata ya hana a duba ciwon huhu ko sanƙarau ba. Akwai kuma ƙwayoyin maleriyar da suka rasa ƙwayar gadon da ke samar da HRP2 gaba ɗaya. An fara ba da rahotonsu daga Peru a 2010, kuma a 2016 Eritiriya ta bar irin wannan gwaji saboda yawansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa ta sauya gwaji idan irin wannan kuskure ya kai kashi 5 cikin 100. Madadinsa shi ne gwajin da ke neman wani enzayim na cutar mai suna LDH, wanda yake ɓacewa da wuri bayan magani. Wani kamfani mai suna Fyodor, wanda ɗan Najeriya Eddy Agbo ya kafa, ya fitar da gwajin da ke neman HRP2 a fitsari maimakon jini a 2015.

Zafi da laima

Antibodin da ke kan tantani furotin ne, kuma zafi yana warware shi a hankali ko da a bushe yake. Kowane kwali yana ɗauke da iyakar zafin ajiya, wasu digiri 30 wasu 40 a ma'aunin Salshiyos. A Birnin Kebbi zafin rana yakan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, kuma cikin ɗaki mai rufin kwano ko bayan motar da aka ajiye a rana ya fi haka nesa. Shirin tantance kayan gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2008 ya haɗa da ajiye su wata biyu a digiri 35 da 45 cikin laima, sannan a sake gwada su da jini mai ƙwayoyin cuta 200 a kowace maikurolita. An ga bambanci mai yawa tsakanin kamfanoni, kuma a farkon shirin gwaje-gwajen LDH sun fi na HRP2 saurin lalacewa.

Abin da ya sa wannan ya zama haɗari shi ne lalacewar ba ta nuna kanta. Layi na biyu yana iya fitowa tsaf alhali antibodin layin farko ya raunana, domin ba iri ɗaya ba ne kuma ba tare suke mutuwa ba. Ma'aikaci ya ga layi ɗaya, ya ce wa uwa babu maleriya, ta koma gida da yaro mai cutar. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar layi na biyu a matsayin shaidar cewa gwajin lafiyarsa ƙalau. Shaidar gudanar ruwa ce kawai.

Laima ma abokiyar gaba ce, domin tana narkar da sukarin da ke kare furotin. Dalilin ke nan da ya sa ake rufe kowane gwaji a ledar alminiyom tare da ɗan ƙullin busarwa, kuma ba a yage ta sai lokacin amfani. Ba a buƙatar firji, ba a kuma daskarar da su. Ɗaki mai silin da iska, kwali nesa da bango da rufi, da jigila da safe ko da dare sun isa a yawancin lokuta. A wasu ƙasashe an gwada akwatin sanyaya da ke aiki da ƙafewar ruwa, dabara iri ɗaya da ta randa da ta tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa, wadda ta fi aiki a busasshen zafin bazara.

A cikin jiki

Idan robar za ta shiga jiki ne, tambayar tana juyawa. Duk abin da ya taɓa jini, cikin daƙiƙoƙi furotin na jini suke rufe shi. Leo Vroman ya nuna a shekarun 1960 cewa rufin ba tsayayye ba ne: masu yawa da sauri suna fara zama, sannan masu riƙo da ƙarfi su ture su. Idan faibirinojin ya zauna ya baje, ƙwayoyin daskarar da jini suna kama shi, gudan jini ya fara. Wannan matsala ce ga bututun wankin ƙoda, da na tiyatar zuciya, da jijiyar roba.

Maganin da ya fi karɓuwa shi ne ɗaure hefarin a fuskar. Hefarin ba furotin ba ne, dangin sukari ne, amma aikinsa shi ne ya kama wani furotin na jini mai hana daskarewa ya ƙara masa kuzari. Vincent Gott ya fara shafa shi a 1963, sannan a 1983 Olle Larm da abokan aikinsa a Suwidin suka ɗaure shi ta ƙarshen sarƙarsa kaɗai domin sauran jikinsa ya yi lilo cikin jini. Jijiyoyin roba na poliyesta kuma ana toshe ramukansu da kolajin ko jelatin ko albumin.

A wasu wuraren so ake ƙwayoyin jiki su zo su zauna. A 1984 Michael Pierschbacher da Erkki Ruoslahti suka gano cewa amino asid uku kacal a jere, waɗanda ake taƙaitawa RGD, su ne hannun da ƙwayoyin halitta ke kamawa a jikin furotin faiburonektin. Wannan ya ba da damar a ɗaure ɗan guntun maimakon furotin gaba ɗaya. Guntu ba shi da naɗin da zai warware, don haka ya fi jure zafi da tsabtacewa. Ƙwallayen da van Wezel ya fara, waɗanda wasunsu ake shafe wa jelatin, a kan irinsu ake renon ƙwayoyin da ake samar da allurar rigakafin shan inna.

A masana'antu, ɗaure enzayim yana ba da damar a yi ta amfani da shi maimakon a zubar bayan aiki ɗaya. Kamfanin Tanabe Seiyaku na Japan ne ya fara yin haka a babban sikeli a 1969, wajen samar da amino asid.

Yadda ake tabbatarwa

Tun da shafin ba ya ganuwa, sai da awo. Mafi sauƙi shi ne a ɗiga ruwa a auna kusurwar da ɗigon ya yi da fuskar: a kan polietilin ta haura digiri 90, bayan tayarwa kuma tana sauka sosai. Ana iya yin wannan da kyamarar waya da takardar awo a kowane ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, irin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da ke Aliero. Ana ƙidaya rassan kaboksil da wani shuɗin rini da ke kama su. Na'urar XPS mai tsada tana karanta sinadaran da ke cikin nanomita 10 na sama. Bayyanar naitirojin a kan robar da ba ta da shi alama ce ta furotin.

Duk waɗannan suna faɗin ko furotin yana wurin ne da kuma yawansa. Ba sa faɗin ko yana aiki. Wannan sai an ba antibodin abin da zai kama, ko enzayim ɗin abin da zai sarrafa, a auna sakamakon, sannan a maimaita bayan wanki, bayan tsabtacewa da hasken gama ko iskar etilin oksaid, da kuma bayan ajiya a zafin wurin da za a kai kayan.